Za a iya noma gahawa a duwatsun ƙasar Zuru?

Tambaya: Sakataren wata ƙungiyar manoma daga wajen Dabai, a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, ya rubuto cewa kowannensu na da 'yar gona a gindin dutse. Sun ji labarin ƙananan manoman Habasha da Ruwanda da ke samun kuɗi da gahawa mai daraja wadda ake nomawa a kan duwatsu, ga kuma wani ya zo musu da tayin dashe a leda. Yana tambaya: tunda mu ma muna da duwatsu, mu saya? In mun saya, yaya ake yi har a kai ga irin wadda ake biya da tsada?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya yi wa ƙungiya albarka. Kuɗin ƙungiya dai kada ku zuba su a dashen nan. Zan faɗi dalili, sannan in bi da ku yadda ake aikin a inda take yi, domin akwai ƙofar da za ku iya shiga harkar ko da ba ku dasa gindi ɗaya a Dabai ba.

Sanyin da ke saman dutse gahawa ke bi, dutsen kansa bai dame ta ba. Irin da ake kira arabika, wanda kusan duk gahawa mai tsada daga shi take fitowa, ya fi jin daɗi idan matsakaicin zafin shekara yana tsakanin digiri 18 da 22 a ma'aunin Salshiyas. A yankinmu na kusa da tsakiyar duniya ba a samun wannan sai an hau sama, daga kamar mita 1,200 zuwa 2,000 a kan tsayin teku. Duk hawan mita 100 zafi na raguwa da kusan digiri 0.6. Tsaunin Mambilla da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, inda Gembu da Nguroje suke, yana wajen mita 1,600. Gonakin ƙasar Zuru kuwa 'yan ɗaruruwan mitoci ne kawai. Idan ka yi lissafin tazarar mita 1,200, digiri bakwai ke nan, kuma a rayuwar wannan bishiya digiri bakwai shi ne tsakanin samu da rashi. Kai ma ka san abin da rana ke yi a Maris da Afrilu. Idan zafi ya daɗe a saman digiri 30, ganyen arabika yakan yi rawaya, fure ya zube bai ƙulla ba, wanda ya ƙulla kuma ya nuna da gaggawa. Ƙwayar da ta nuna da gaggawa ba ta tara zaƙi, ba ta da nauyi, a kofi sai a ji ta lami. Wannan jinkirin nuna na wata bakwai zuwa tara a cikin sanyi shi ne abin da mai saye ke biya.

Sai ruwa. Arabika na son milimita 1,200 zuwa 2,000 a shekara, a watse cikin watanni da yawa, da ɗan rani na wata biyu ko uku wanda ke sa ta shirya fure. Ranin ya gama, ruwan farko ya sauka, cikin kwana goma gona ta yi fari fat. A wurinku ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu, ga hunturu da busasshiyar iskarsa a tsakani. A ce ma lita 20 kacal za ka ba kowane gindi a mako. Hekta ɗaya mai gindi 1,600 za ta sha lita 32,000, duro 160 ke nan duk mako, har tsawon wata shida. Kuma ban-ruwa ba ya sanyaya iska.

Na san wani zai ce ai Yaman ma busasshiyar ƙasa ce, ga shi gahawarta ta yi suna tun zamanin da ake lodinta a tashar jiragen ruwa ta Moka da ke bakin Bahar Maliya. Gaskiya ne. Amma gonakin Yaman matakalu ne a saman tsaunuka masu tsayin mita dubu ɗaya zuwa sama da dubu biyu, haka ma Harar ta Habasha. Fari suke jurewa, ba zafi ba. Robasta, wato ɗaya irin da ake nomawa a kudu, a Kogi da Ondo da Kuros Riba, ta fi jure zafi, sai dai ta fi arabika son ruwa da raɓa, saiwarta kuma a sama-sama take. Hunturu ɗaya ya ishe ta. Idan kuma wani dattijo ya ce muku ai gahawa na fitowa da kanta a bayan gari, rai-ɗore yake nufi. Ana soya 'ya'yansa a sha, haka ma ƙwallon dabino, amma ba danginta ba ne, kuma ba mai saye da zai karɓe su da sunanta.

Wanda zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya gwada da aljihunsa: gindi ashirin zuwa talatin, a gefen fadama inda ruwa ba ya kwanciya, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, ta ɓangaren dutsen da ranar yamma ba ta dukansa. Ya rataye ma'aunin zafi irin mai nuna mafi zafi da mafi sanyin yini, ya riƙa rubutawa kullum har shekara ta zagayo. Littafin nan zai gaya masa gaskiya tun kafin bishiyar ta kai shekara ukun da take fara 'ya'ya. Shi kuma mai tayin dashe ku tambaye shi abu uku: wane iri ne, daga wace gona aka tsinko, yaushe aka shuka. Wanda ya kasa amsa su bai san abin da yake sayarwa ba.

To, yanzu ga yadda ake yi a inda take yi, irin su Mambilla da wasu sassan tsaunin Jos.

Iri ake fara gyarawa. Arabika na barbarar kanta, don haka 'ya'yanta kan ɗauko uwa. Ana zaɓar lafiyayyar bishiya mai shekaru, a tsinki jajaye daga tsakiyar reshe, a ɓare da hannu, a wanke, a sha iska a inuwa, a shuka da ɓawon cikinta a kwance cikin yashi. Ƙwayar gahawa ba ta ajiyuwa kamar gero, bayan 'yan watanni ƙarfin tsirarta ya ragu ƙwarai, shi ya sa wadda aka saya a kasuwa ba ta zama iri. Tana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ta ɗago. Da ganyen farko ya buɗe sai a mayar da ita leda, a tabbata saiwar tsakiya ta miƙe. Wannan wuri ne da ake yawan yin asara ba a sani ba: idan saiwar ta lanƙwashe a leda, dashen zai yi kyau a ido, ya yi shekara biyu ko uku a gona, ranar da ya ɗauki 'ya'ya na farko sai ya bushe a tsaye. Kafin ka sayi dashe da yawa, yage leda biyu ko uku ka duba. Dashe na isa fita gona bayan wata shida zuwa shekara, idan ya yi ganye biyu-biyu hawa shida ko fiye. Cibiyar binciken koko ta ƙasa, CRIN, wadda hedikwatarta ke Ibadan, ita ce ke da alhakin binciken gahawa, kuma tana da reshe a Kusuku a kan Mambilla. Can ya kamata a fara tambayar iri.

Rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a haƙa shi wata biyu kafin damina, a ware ƙasar sama daban, a cakuɗa ta da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a mayar. Tazarar mita biyu da rabi kowane gefe ita ke ba da gindi 1,600 a hekta. Ƙasar da take so mai ɗan tsami ce, 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa, mai zurfi, wadda ruwa ke wucewa.

A gangara, layi ba ya bin tudu daga sama zuwa ƙasa, gicciye yake tafiya. Sanda biyu masu tsawo ɗaya a ɗaure kansu, a gitta ta uku a tsakiya, a sako igiya da dutse daga sama. Duk inda igiyar ta faɗa tsakiyar sandar gicciye, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya, nan za a kafa turke. A bi turakun a dasa jema a jere, ƙut da ƙut. Saiwar jema na nitsewa ƙasa sosai, ba ta bazuwa ta ƙwace wa gahawa abinci, cikin damina biyu za ka ga ƙasa ta taru a bayanta ta zama matakala. Ganyenta kuma a yanka a rufe gindin bishiya da shi, a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen don kada ya ruɓe ko gara ta samu hanya. Inuwa kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ta isa. Ayaba ce ke fara riƙe inuwar a shekarun farko, tana kuma ciyar da gida kafin gahawa ta fara biya, sannan manyan itatuwa masu ƙananan ganye dangin ƙirya da gawo su karɓa. Itacen turare, wanda ya cika Mambilla, a nisanta shi da gona, yana shanye ruwa. Wake marar yaɗo ana iya sa shi a tsakanin layi shekara biyun farko. Shinge kuwa dole ne a ƙasar da shanu suka yi yawa.

Gonar da aka sare wa inuwa takan ruɗi mai ita. Shekarar farko 'ya'ya kamar reshe zai karye, sai murna. Amma bishiyar ta kwashe abincin ganye da saiwa ta zuba a 'ya'ya, rassa su bushe daga baki, baɗi babu komai. Maganinsa inuwa, taki a kan kari sau biyu ko uku a damina, da rage 'ya'ya a bishiyar da ba ta kai ba. Arabika a sabon reshe take haihuwa, inda ya yi 'ya'ya bana ba zai sake yi ba, don haka bayan kowane girbi a cire busassu da masu shiga ciki da tofon da ke fitowa a jikin gindi. Duk shekara shida ko bakwai a datse ta a tsawon gwiwa, santimita 30 zuwa 45, yankan a karkace don ruwa ya zirare, a bar tofo biyu ko uku masu ƙarfi. Kada a datse gona duka a shekara ɗaya, a raba ta kashi huɗu ko biyar, in ba haka ba gida zai yi shekara biyu babu shiga.

Cututtukan da za a sa wa ido uku ne. Tsatsar ganye, wani gari ruwan lemo a bayan ganye, ita ce ta rusa noman gahawa a tsibirin Silon, Siri Lanka ta yau, daga 1869, har suka koma ganyen shayi. Ta fi tsanani a ƙasa-ƙasa inda ake ɗumi, wanda wannan ma wani dalili ne a kan Zuru. Feshin maganin tagulla riga-kafi ne, kafin ta kama ake yi, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu a damina, a jiƙa bayan ganye. Ta biyu cutar da ke baƙanta ɗanyun 'ya'ya a wurare masu sanyi da hazo. Kenya ta fitar da iri masu jure duka biyun, Ruiru 11 a 1985 da Batian a 2010. Na uku ɗan ƙwaro baƙi, bai kai ƙwayar gero biyu ba, yana huda 'ya'ya ta ƙasa ya yi ƙwai a cikin ƙwaya inda feshi ba ya isa. Tsafta ce maganinsa. Bayan girbi a tsince duk abin da ya rage a reshe da wanda ya faɗi ƙasa, a tafasa ko a binne da zurfi, don a nan yake jiran baɗi.

Duk wannan zai ba ka gahawa. Daraja kuwa, daga ranar tsinka zuwa ranar ɗinke buhu ake samunta ko a zubar da ita, kuma yawancin ƙananan manoma a nan suke faɗuwa.

Ja wur kaɗai ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, a bar ƙarar a jikin reshe. Kore na sa ɗaci da bauri, wanda ya wuce nuna ya yi baƙi na sa tsamin ruɓa. Tunda ba sa nuna tare, gona ɗaya sai an zagaye ta duk mako ɗaya ko biyu har girbi ya ƙare, a Mambilla daga wajen Oktoba zuwa ƙarshen shekara. Idan ana biyan mai tsinka da yawan kwano, zai shaƙe reshe ya zuge duka. A biya shi ƙari a kan ja zalla. Da yamma a zube a kan tamfol a sake tsincewa, sannan a zuba a baho cike da ruwa. Abin da ya taso sama fanko ne ko mai ƙwaro, a kwashe a ajiye daban, ba ya komawa cikin na ƙwarai. A ɓare a ranar, kada ya wuce awa takwas zuwa goma sha biyu da tsinka, kuma kada ya jira a ɗaure cikin buhun leda, don da ya fara ɗumi ya fara lalacewa. Injin ɓare na hannu ya isa ƙungiya ƙarama, amma a daidaita bakinsa: ya matse da yawa ya ciji ƙwaya, ya saki da yawa ya wuce da ɓawo.

Bayan ɓarewa ƙwayar na lulluɓe da yauƙi kamar kuɓewa. Ana barin ta a tsaftataccen baho awa 12 zuwa 36, gwargwadon sanyin wuri, har yauƙin ya saki. Ba agogo ke yanke hukunci ba, hannu ne. Ka ɗebi cikin tafi ka wanke ka murza. Idan tana santsi da saura, idan ta yi kaushi tana ƙara kamar tsakuwa ta yi, a wanke nan take da ruwa mai tsabta sau uku. Wadda aka manta ta wuce lokaci, ko 'yan ƙwayoyin jiya da suka maƙale a lungun inji suka shiga na yau, su ke ba da wari irin na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Wake ɗaya ke ɓata gari, a wannan sana'a ba karin magana ba ce kawai, ƙwaya ɗaya na iya sa a mayar da buhu. Ruwan wankin yana da tsami, yana kashe kifi, kuma mutanen da ke gangaren rafin shi za su sha. A haƙa masa rami nesa da rafi, a zuba ɗan farar ƙasa, a kewaye da jema. Ɓawon a tara shi da kashin shanu wata uku ya koma gona.

Shanya a kan gado ake yi, ba a ƙasa ba, ba a bakin kwalta ba. Ƙafafu tsawon ƙugu, faɗi kamar mita ɗaya da ɗan ƙari yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, a shimfiɗa raga don iska ta bi ta ƙasa. Kauri kada ya wuce yatsu biyu zuwa uku, a riƙa juyawa duk awa, a rufe da tsakar rana a kwanakin farko don kada ɓawon ciki ya tsage, a rufe da dare saboda raɓa. Mako ɗaya zuwa biyu take ɗauka. Inda ruwa ya yi ƙaranci ana shanya 'ya'yan da ɓawonsu gaba ɗaya, mako uku zuwa huɗu, yana ba da zaƙi sosai amma ya fi saurin fumfuna in aka yi sake. Abin nema laima kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Ta haura haka fumfuna da gubarta su shiga, ta yi ƙasa da yawa ta farfashe a injin casa. Tsofaffin hannu na cizawa, in haƙori ya kasa shiga ta bushe, amma ƙungiya ta sayi na'urar auna laima guda ɗaya, ta fi kowane kayan aiki saurin mayar da kuɗinta. Gadajen nan a gama su tun kafin 'ya'ya su fara ja, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan a bar ta ta huta cikin ɓawonta wata ɗaya zuwa biyu, a kan katako, nesa da bango, nesa da kalanzir da albasa da taki, domin tana ɗaukar wari kamar madara.

Mai saye zai auna giram 350 ya baje a tebur. Ba a yarda da babban aibi ko ɗaya ba, irin baƙar ƙwaya, mai tsami, mai fumfuna, ko dutse, ƙananan aibobi kuma kada su wuce biyar a ƙidayarsu. Sannan a soya kaɗan, a niƙa, a zuba ruwan zafi, giram 8.25 ga mililita 150, masu ɗanɗano su ba da maki. Daga 80 cikin 100 ake kiranta ta musamman.

Yi wannan lissafin da mambobinku. Kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. Manomi mai gindi 400, in kowanne ya ba shi kilo uku, ya tashi da kilo 1,200, bayan an gama kilo 200 da ɗoriya, buhu uku da 'yan kai a buhun kilo 60. Kwantena ɗaya kuwa na cin kusan buhu 300. Shi ya sa a Ruwanda da Habasha manomi ke kai ɗanyun 'ya'ya wurin wanki na haɗin gwiwa, a auna, a rubuta sunansa da ranar, hannu ɗaya ya sarrafa duka. Rubutun nan ya ƙara muhimmanci tun da Tarayyar Turai ta yi dokar 2023 wadda ke neman a nuna ainihin wurin kowace gona da shaidar cewa ba a sare daji aka yi ta ba bayan 31 ga Disamba 2020. Mutanen da suka gaji golmo, wato noman haɗin gwiwa da samarin ƙasar Zuru ke yi wa surukai, ba sai an koya musu aikin gayya ba, littafin ne kawai zai zama sabo.

Ƙofar da na ce tana buɗe muku ita ce ta saye da suya. Ku tura mutum biyu Gembu a lokacin girbi, su ƙulla da manoma ƙalilan, ku ba da gado da raga da ƙarin farashi a kan ja zalla, ku fara da buhu biyu ko uku. Zafin Kebbi na tsufar da ɗanyar ƙwaya da wuri, don haka a sa ta a buhu mai ledar ciki da ba ta shan iska, a ɗakin ƙasa mafi sanyi, kuma kada a sayi abin da ya wuce na wata uku ko huɗu. Suya minti tara zuwa goma sha biyu ce, ana juyawa ba tsayawa. Wajen digiri 200 za ka ji tana fashewa kamar gugguru, minti ɗaya ko biyu bayan haka a sauke a fifita ta huce da sauri. Tana rasa kashi 15 zuwa 20 na nauyinta, a sa wannan a farashi. Mai son ƙullawa da suna ya kai kanti sai ya yi rajista da NAFDAC.

Gadon shanyar kuwa ku kafa shi a Dabai tun bana. Zoɓon da ake fitarwa waje da riɗi da 'ya'yan kaɗe, yashi da laima da cakuɗa ne ke karya musu farashi, daidai da gahawa. Kunyar jema a gicciye ita ma za ta riƙe muku ƙasar gindin dutse ko dawa ce a kai. Ku fara da gado biyu da sikeli ɗaya da littafi, ku kai zoɓon gado da na ƙasa kasuwa a rana ɗaya, a buhu daban-daban.